Garin da kuza ta haifa

Na yi niyyar wannan makon mu ƙarasa zancen kuɗin makarantar yara da muka soma, to amma wani abu ya taso mini a cikin gida, kuma na san ba gidana kaɗai ba ne. Ku yi haƙuri, makaranta ta ɗan jira.

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci a New Bell, ɗan ƙanwata ya biyo ni har rumfa. Yaron nan shekara huɗu ke nan yana sarin bandar kifi a bakin ruwan Youpwé yana aikawa Yawunde, kuma Allah ya rufa masa asiri. Bara ya yi aure, ba wanda ke binsa ko dala. Ya zauna yana ta juya waya a hannu, can ya ce, "Kawu, so nake in tattara jarina in tafi Betare-Oya." Wai wani abokinsa ya tafi da rani ya dawo da sabon babur. Yanzu su huɗu za su haɗa kuɗi su sayi injin jan ruwa, su kama rami, su nemi zinariya. Na ce ya ba ni mako guda.

Dalilin da ya sa ban ba shi amsa nan take ba shi ne, ni kaina ɗan garin haƙa ne. A Bukuru aka haife ni, kudu da Jos kaɗan. Mu kuza muka haƙa, su zinariya za su nema, amma rami duk rami ne, kuma na ga ƙarshen namu da idona.

Wanda bai taɓa zuwa Jos ba ya sani cewa hawa ake yi. Ko ta Zariya ka fito, ko ta Bauchi, ko ta Akwanga, sai mota ta yi nishi. Garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga gaɓar teku, duwatsun Shere da ke gabas da shi kuwa sun kai mita 1,800. Mu da ke Duwala, inda ruwa ke leƙowa har ƙofar ɗaki in an yi kwana biyu ana sheƙawa, sai mu ƙiyasta. Da hunturu ruwan randa yakan gagari hannu da asuba. Masu ƙasar tun asali su ne Birom da Anaguta da Afizere, waɗanda muke kira Jarawa. Manoman acca ne, kuma yawancin tudun bai shiga hannun sarakunan jihadi ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kuza baƙin yashi ce mai nauyi da ke kwanciya a gindin rafi. Tun kafin Bature ya san da ita Hausawa ke narka ta a Ririwai, a kudancin ƙasar Kano, da kuma Liruwen Dalma ta wajen Bauchi. Sukan zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, a ɗaure dami-dami, fatake su ɗauka. Irin waɗannan tsinkayen ne ma'aikatan kamfanin Royal Niger suka gani a kasuwannin bakin Binuwai, suka ce sai sun ga inda take fitowa. A 1902 aka aiko wani Bature mai suna Nicolaus ya bi sawu. Bayansa Kanar Laws ya hau tudun da 'yan bindiga ya kafa sansani a Naraguta. Kafin a ce kwabo, kasuwar hannun jari ta Landan ta rikice da sunan kuzar Arewacin Nijeriya, kamfanoni suka yi ta zuwa suna yankar fili da takarda. Maƙeran Liruwe da suka nuna hanya, su aka fara kashe wa sana'a.

Da farko a ka ake ɗaukar kuzar har Loko a bakin Binuwai, tafiyar makonni. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos da Bukuru, a 1927 kuma babban layi ya zo ta Kafanchan ya haɗa tudun da Fatakwal. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO mai samar da lantarki daga ruwan Kurra, domin injinan haƙa. Shi ya sa tsofaffin Bukuru kan yi alfahari cewa sun ga ƙwan lantarki tun manyan birane na fama da aci-balbal.

To su wa suka yi aikin? Birom ba su yi ɗokin barin gona su ɗauki kwano ba, kuma da gaskiyarsu, don gonar tasu ce ake farkewa. Sai haraji ya yi aikinsa. Bature ya ce a biya da kuɗinsa, kuɗin kuwa a bakin rami suke. Da kaka ta wuce sai 'yan cirani su gangamo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau da Barno, har da mutanen Damagaram masu gudun Faransa. Yarbawa da Inyamurai suka zo akawu da kanikanci da kanti. Kowane kamfani ya yi wa leburorinsa bukkoki kusa da rami, heluma na kula da su. Ku duba sunayen wuraren: Barikin Ladi, Gindin Akwati, Dorowa, Sabon Gidan Kanar, Dogo Nahawa. Duk Hausa ce, a tsakiyar ƙasar Birom. Kalmar nan "ɗan bariki" da iyayenmu mata ke tsoro, a irin waɗannan wurare ta yi ƙiba: gari ba iyaye, ba surukai, ba wanda ya san asalinka, ga kuɗi kowace Asabar, ga caca, ga giya, ga matan da su ma suka baro gida. Ba na cewa kowa ya lalace. Malamai ma sun je, sun kafa makarantun allo. Amma mutum da yawa ya yi shekara goma yana cewa baɗi zai koma gida.

Kakana bai je don kansa ba. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, ita ce kuwa babbar rumbun kuzarsu, ga yaƙin Hitila na ci. Sai gwamnati ta sa wa sarakuna adadin mutanen da za su kawo, sarki ya sa wa hakimi, hakimi ya sa wa dagaci. Abin da aka kira ɗiban gwamna ke nan. Daga 1942 zuwa 1944 kimanin mutum 100,000 aka kwasa, ana yin wata huɗu-huɗu. Kakana saurayi ne a wani ƙauye a ƙasar Katsina, maraya, ba mai tsaya masa, don haka yatsan dagaci bai yi wahalar samunsa ba. Ya ce da riga ɗaya ya sauka daga jirgi. Bai taɓa sanin akwai sanyin da ke shiga ƙashi irin wannan ba. Abinci ba ya isa, tari da ciwon haƙarƙari suna ta ɗauke mutane, musamman wajen ginin madatsar ruwa ta Tenti. A 1943 aka fitar da kuza sama da tan 17,000, abin da ba a taɓa yi ba, ba a kuma sake yi ba. Duk lokacin da na ga wannan lissafin a rubuce sai in tuna tsohon nan yana nuna mini yatsun ƙafarsa da ruwan sanyi ya lanƙwasa.

Amma fa Bakatsine ne. Cikin wata huɗun nan ya lura da abu ɗaya: mai bargo ya fi mai shebur daraja. Ya koma gida, ya sayar da akuyoyin da ya gada, ya dawo da ƙafarsa da damin barguna da buhun gishiri. Bai ƙara taɓa kwano ba. Kakata kuma ta kafa tukunyar tuwo a bakin bariki. A kan bargo da tuwo aka gina gidanmu na Bukuru, ɗaki shida da zaure.

Har nan labarin ya yi daɗi, kuma na san wasunku sun riga sun ce, to ai shi ke nan, a gaya wa yaro ya tafi da kaya, kada ya shiga rami. Ni ma haka na so in ce. Ku dakata tukuna.

Cinikin bariki cinikin bashi ne. Lebura ba ya da kuɗi ran Talata. Ya ci, ya ɗauki kananzir da sabulu, a rubuta, ran Asabar in an biya shi ya biya ka, heluma ne shaida. Muddin kuza na da daraja, wannan tsari ya fi banki. In farashi ya faɗi, kai da ba ka taɓa shiga rami ba, ramin ne zai rufta da kai. Farashin kuwa a Landan ake yanka shi, mutumin Bukuru sai dai ya ji a bakin akawu. An ga haka tun wajen 1930, lokacin da kasuwar duniya ta karye aka sallami leburori dubbai. An kuma ga akasin haka a shekarun 1950, sa'ad da Amurka ta buɗe baki tana sayen kwalambait, wani baƙin yashi da a da ake zubarwa a juji bayan an tace kuza. Mutane suka koma tonon jujin da suka zubar da hannunsu. Mahaifina yakan ce bai taɓa ganin kuɗi na yawo irin na waɗannan shekarun ba, har mai tallan goro sai da ya sayi keke.

Daga nan sai gangara, a hankali yadda ba za ka lura ba. An rufe ƙaramin jirgin Zariya a 1957. An gina matatar Makeri a farkon shekarun 1960, amma kuzar da ke kusa da sama ta soma ƙarewa, sai an yi zurfi. Man fetur ya zo ya ɗauke hankalin gwamnati. Dokar 1972 ta mallaka wa 'yan ƙasa kamfanoni ta sa Turawa suka daina zuba sabon jari, injina suka tsufa a tsaye. Manyan kamfanoni irin su ATMN suka rage ma'aikata, aikin ya koma hannun masu haƙa da kansu suna sayar wa mai lasisi. Su ne abokan cinikin mahaifina. Yakan ba su garin masara da kananzir, har da kuɗin sayen shebur, su biya in sun wanke.

Ran 24 ga Oktoban 1985, ƙungiyar ƙasashen da ke tallafe da farashin kuza ta ce kuɗinta sun ƙare. Kasuwar ƙarafa ta Landan ta dakatar da cinikin kuza, farashi ya zube kusan rabi. Ina ɗan shekara 13. Ba wanda ya zo ya yi mana shela. Kawai dai Asabar ta zo ba a biya ba, wata Asabar ɗin ma haka. Waɗanda ake bi ba su gudu ba, yawancinsu mutanen kirki ne, suna nan muna haɗuwa a masallaci, babu ce kawai. Mahaifina yana da wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta bashi da ajami. Har ya rasu yana cikin akwatinsa. Da muka zo rabon gado, wana ya ɗaga shi ya ce, wannan fa? Muka yi shiru. Daga baya muka yafe, muka ƙona shi, don kada 'ya'yanmu su tashi suna kallon 'ya'yan maƙwabta da lissafi a zuci.

Na girma kafin na san cewa wannan rana ba mu kaɗai ta kayar ba. A ƙasar Bolibiya, can Kudancin Amurka, akwai wani gari Potosi, bisa tsayin mita 4,000, ninkin Jos uku da ɗoriya. A 1545 aka gano azurfa a dutsen da ke kansa. Sifaniyawa suka yi wa mutanen ƙasar irin ɗiban gwamnansu, ƙauye-ƙauye, shekara da shekaru, har garin ya tara mutum sama da 150,000 a farkon ƙarni na 17, ya shiga sahun manyan biranen duniya. Da azurfa ta ja baya suka koma kan kuza. Faɗuwar 1985 ta sa gwamnatinsu ta sallami mahaƙa fiye da 20,000. Wato wani yaro can bisa dutse, mai yaren da ban taɓa ji ba, ya ga ubansa ya yi tagumi a watan da na ga nawa.

Me ya rage a Jos bayan kuza? Ramuka, da farko. Duk inda ka duba tsakanin Bukuru da Barikin Ladi tuddan jar ƙasa ne da kududdufai masu zurfi, ruwansu shuɗi kamar a sha, sun ci yara da shanu ba adadi. Wasu an mayar da su abin arziki, da ruwansu ake noman rani, kabeji da karas da latas da ake lodi a Farar Gada. Sai kuma mutane. Rami ya rufe, amma jikan lebura ba shi da ƙauyen da zai koma. Ni ban san kowa a garin kakana ba. Jos ta zama gida, har ta zama cibiya: a can Shehu Isma'ila Idris ya kafa Izala a 1978, kasuwar Taminus kuwa ta zama abin kwatance a Afirka ta Yamma.

A nan ne maganar da na ce ku riƙe ta dawo. Bature ya naɗa wa garin leburori sarakunan Hausawa, don su ya fi jin daɗin mulka. A 1947 ya juya ya naɗa Rwang Pam sarkin Birom, sarautar da ta zama Gbong Gwom Jos. Bahaushe ya ce, kakana ne ya sare dajin nan ya kafa gari. Birom ya ce, dajin da ka sare gonar kakana ce, kuma ba a tambaye shi ba. Ina Bahaushe, amma ba zan iya ce muku ɗayansu ƙarya yake yi ba. Lokacin da kuza ke ciyar da kowa, gardamar tana kwance. Da abinci ya koma hannun ƙaramar hukuma, da takardar shaidar ɗan ƙasa, da gurbin aiki da na makaranta, sai ta miƙe tsaye. An ƙirƙiro Jos ta Arewa a 1991, aka yi rikici a 1994. Ran Juma'a 7 ga Satumban 2001 aka soma wanda ya ci kusan mutum 1,000 cikin mako guda. A Fabrairun 2002 kasuwar Taminus ta ƙone, da rumfata a ciki. Wannan gobarar ce ta kawo ni Duwala. Ina nan na ji na 2008, da na 2010, sa'ad da aka kashe Musulmi a Kuru Karama a watan Janairu, aka kashe Kiristoci a Dogo Nahawa a watan Maris. Allah ya ji ƙan namu, ya kiyaye na gaba.

Wani abin mamaki, da na zo Duwala sai na tarar nan ma akwai tudun Joss, can Bonanjo. Sunan ne kawai ya yi kama, ba dangantaka. Amma daga wannan tudun ne Jamus ta tashi mutanen Bell ta tura su bayan gari, inda ya zama New Bell, ta kuma rataye sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ran 8 ga Agustan 1914 saboda ya ƙi yarda. Shekarar da jirgi ya isa Jos ke nan. Unguwar da muke zaune muna cewa tamu, da masallacinmu da sarkinmu, an kafa ta ne a kan ɓacin ran wasu. Ba tsoro nake ba ku ba, zamanmu da mutanen Duwala lafiya lau, kuma tashar jirgin ruwa ba ta ƙarewa kamar kuza. Sai dai wanda gemunsa ya taɓa kamawa da wuta ba ya raina hayaƙi. Mai gida a nan da bai san matsayin takardar filinsa ba, ya bincika tun ana dariya. In an yi rasuwa a gidan mai unguwa ɗan ƙasa, a je gaisuwa.

Mu koma kan yarona. Betare-Oya ba sabon wuri ba ne, tun shekarun 1930 ake wanke zinariya a kogin Lom zamanin Faransa. Abin da ya sake tayar da ita shi ne madatsar Lom Pangar: gwamnati ta ce a kwashe zinariyar kafin ruwa ya rufe ta, kamfanoni masu manyan injina suka shigo, yawanci na 'yan Sin. In sun gama su bar rami a buɗe, samari su bi baya suna kalen abin da ya rage, ƙasa na ruftawa da su. Injin jan ruwa ɗaya na mutum huɗu, a gefen irin waɗannan, ku auna da kanku. Abokin da ya dawo da babur an gan shi. Waɗanda ba su samu ba ba sa dawowa New Bell su yi yawo a gan su.

Jiya da daddare ya zo, muka zauna a ƙofar gida. Na ba shi labarin nan kaf, har da littafin baƙin bango. Ya saurara, sannan ya ce, "Kawu, to ai da kakanku bai koma da bargo ba, da ba ku yi gida ba." Na rasa ta cewa, don gaskiya ya faɗa. Dukanmu nan wani ne ya ji labari ya ɗaura kaya ya bi. Ba ni da bakin hana shi.

Abin da muka daidaita a kai ke nan. Ba zai sa ko dala a injin ba. Zai ɗauki kashi ɗaya cikin uku na jarinsa ya sari banda, ya bi ta Bertuwa ya sauka Ndokayo ya shiga, ya ga kasuwar da idonsa wata biyu. Wurinsa na Youpwé ƙaninsa zai riƙe, ba za a sayar ba. Matarsa tana nan wajen uwarsa. Bashi kuwa, na ce kada ya wuce kwana bakwai a kan mutum ɗaya, in mako ya zagayo ba a biya ba a rufe shafin, ko da mutumin limamin wurin ne. Ya yi dariya ya ce ai shi a waya yake rubuta nasa. Na ce mahaifina ma rubutunsa ba kuskure.

Uwarsa ba ta ji daɗina ba, ta so in ce a'a ɗungurungum. Tun safe ba ta ɗaga wayata. Shi kuma ran Litinin zai hau mota, ya ce in taya shi neman buhunan da ba sa shan ruwa, don can ma damina ta kusa.